Ƙuri'a a Kan Gwiwar Nasiru

Ranar Asabar ta farko a watan Disamba, da misalin ƙarfe biyar na yamma, muna zaune a ƙofar shagon Tukur tela a Tudun Wada, ni da shi da Malam Garba na sashen labarai a gidan rediyonmu, sai Tukur ya sake yi mini tambayar da kowa ke yi tun dawowata: "Wai yaya Dohar take ne? Kai kullum sai ka ce ƙalau, ka yi shiru." Na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda aka ba ni labari kuma zan ce labari aka ba ni.

Dalilin tafiyar biyu ne. Gidan rediyon da nake aiki ya tura ni wani ɗan gajeren kwas na masu gabatar da shirin muhawara. Na biyu kuma saƙon Hajiya mahaifiyarmu. Ƙanena Nasiru ya daɗe a Doha yana aikin gadi, matarsa da 'ya'yansa suna gidanmu a Zariya, kuma kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen shekara. Da na je sallama, Hajiya ta riƙe hannuna ta ce, "Habibu, ka ce masa ya isa haka. Ba aikensa nake jira ba, fuskarsa nake son gani."

Ta haɗa ni da kaya: kuka, daddawa, yaji, kilishi, da man shanu a cikin roba. Daga Zariya na hau mota zuwa Kano. Kafin Kwanar Dangora taya ta fashe, muka tsaya a rana direba yana fama da jak. A nan man shanun ya narke, ya bi ta murfi ya shiga cikin jaka. Ban lura ba sai a filin jirgi, lokacin da na ga babbar rigar da na tanada don ranar rufe kwas ta yi taswira daga wuya har aljihu.

A Doha shiga ƙasa ba ta da hayaniya. Jami'in bai tambaye ni gajiya ba, bai tambaye ni mutanen gida ba. Ya nuna mini inda zan kalla na'ura ta ɗauki idona, ya miƙo fasfo ba tare da ya ɗago kai ba. A wajen binciken kaya ne aka tsayar da ni. Kilishin bai wuce ba. Daddawar kuwa wani matashin jami'i ya kwance ƙullinta, ya tambaye ni mene ne. Na ce kayan miya ne. Ya kai hanci, ya ja da baya, ya ɗaure da sauri yana cewa, "Yalla, yalla," wato in yi gaba. Ita kaɗai ce ta ƙwaci kanta ba da taimakona ba.

Masaukin da aka ba mu sanyinsa ya fi ƙarfina. Na kasa gane yadda ake rage na'urar sanyaya ɗakin, kwana biyu sai ga mura, muryata ta dushe, ni da aka kawo don in koyi magana. A jirgin ƙasansu, wanda ba shi da direba, na shiga taragon masu tikitin alfarma bisa kuskure, na zauna a kujera mai laushi ina yaba ƙasar, har wata ma'aikaciya ta zo cikin ladabi ta nuna mini ƙofa. Abin da ya fi damuna shi ne rashin gaisuwa. Sai ku cika lif, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba wanda zai ce wa wani sannu. Na yi sallama sau biyu, na uku na bari.

Da aka gama kwas na koma wajen Nasiru a unguwar Bin Mahmud. Gidan bene ne da aka yanyanka ɗakunansa da katako, kowa da ɗan lungunsa, kana jin tarin maƙwabcinka da wayarsa. Nasiru ya bar mini gado ya shimfiɗa katifa a ƙasa. Ya yi furfura a gemu, ya kuma koyi tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a kwano. A ƙarƙashin gadon akwai wasu kaya da ban sani ba: hular ƙarfe mai raga a fuska, sulken ƙirji, da wata ƙatuwar safar hannu ta fata.

"Yaƙi kake zuwa?" na tambaye shi.

Ya yi dariya, karo na farko tun isowata. "Besbol ne, Yaya. Juma'a za ka gani."

Da lokacin magariba ya yi muka tashi salla a ɗakin. Sai na ga ya jawo kujerar roba. Ya yi tsayuwa, ya yi ruku'u, amma sujada a zaune ya yi ta. Muka sallame. Shi ya fara magana, yana kallon bango.

"Gwiwar hagu ce. A masallaci ina daurewa in yi kamar kowa. Wannan tsakanina da kai ne, Yaya. Ko Hajiya kada ta ji."

A nan na isar da saƙon Hajiya, kalma da kalma yadda ta faɗa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "A bari a gama kakar wasa tukuna."

Yadda ya shiga wasan labari aka ba ni. Ya taɓa gadin wani garejin manyan motoci a Sana'iyya, unguwar masana'antu da ɗakunan leburori, inda yawancin makanikai 'yan Filifin ne. Suna da ƙungiyar besbol da ke buga gasa da na wasu kamfanoni idan zafi ya sauka. Akwai gurbi ɗaya da kowa ke gudu, na mai cafka, wanda ke tsugunawa a bayan mai bugu yana karɓar ƙwallon da aka jefo. Nasiru ya ce musu shi da ya tashi yana cirar ciyawa a fadamar albasa, tsuguno ba aiki ba ne a wurinsa. Tun daga lokacin gurbin ya zama nasa. Saboda shi Hausawa direbobi da masu gadi suka fara zuwa kallo, har suka shiga karo-karon da ake yi duk wata don hayar fili da sayen ƙwallaye da ruwan sha.

Ranar Juma'a, wadda ita ce ranar hutunsu, bayan an sauko daga masallaci Malam Isiyaka ya zo ɗaukarmu da bas. Direba ne, dattijo, mutumin zangon Kumasi, shi ne shugaban magoya baya ba tare da an naɗa shi ba. A kujerar gaba akwai Mubarak, ɗan Kano da ke karatun digiri na uku, wayarsa ba ta barin hannunsa. Tun kafin mu fita daga unguwa na fahimci akwai rigimar da na tarar a tsakiyarta.

Ga yadda take. Wata ƙungiya ta watse saboda kamfaninta ya rufe, 'yan wasanta sun zama marasa gida, abin da suke kira firi ejen. Biyu daga cikinsu, mai jifa da mai cafka, 'yan Benezuwela ne, kuma kowa ya yarda sun fi duk wanda ke gasar. Sun ce za su zo idan za a riƙa ba su na mota da ɗan hasafi duk wasa. Asusun karo-karo zai iya ɗaukar wannan, amma dokar gasa ta ƙayyade yawan 'yan wasa, kuma mai jifan ya ce ba ya zuwa sai da mai cafkarsa. Ma'ana, idan suka shigo, Nasiru ya fita.

"Baba Isiyaka, kullum muna na ƙarshe," in ji Mubarak. "Ka duba manyan ƙungiyoyin Amurka. Wadda ta ƙi buɗe aljihu idan kasuwa ta buɗe, sai dai ta yi ta ba magoya bayanta haƙuri."

"Amurka, Amurka," in ji Malam Isiyaka yana canja giya. "Ka taɓa zuwa? A waya ka gan ta. Ba a nan ka nuna mana wanda aka zuba wa dukiya, wata biyu kafaɗarsa ta goce, yana zaune yana cin gyaɗa a benci?"

"Wannan tsautsayi ne."

"To ni ma tsautsayin nake gudu. Ɗan haya ba ya mutuwa a kan rigarka. Gobe wani ya ƙara masa, khalas, shi ke nan, ya tafi."

"Mu kuma da muke mutuwa a kan rigar, me muka ci?"

Nasiru yana kusa da ni, yana kallon waje. Ana maganarsa, ba a ambaci sunansa ko sau ɗaya ba.

Filin wani faƙo ne tsakanin rumbunan ajiya biyu, an zana layukansa da farar ƙasa. Atisaye suke yi, gasa ba ta fara ba. Ban ce na gane wasan ba. Mutum ya jefa ƙwallo, wani ya kai mata duka da kulki, idan ya samu ya ruga ya zagaya kusurwoyi huɗu. Yawancin lokacin tsayuwa ake yi ana jira, abin da mai kallon ƙwallon ƙafa a gida ba zai jure ba. Amma na gane abu ɗaya: mutumin da ke tsugune shi ke tafiyar da komai. Nasiru ke nuna wa mai jifa da yatsu irin jifar da zai yi. Shi ke ɗaga hannu ya matsar da wancan hagu, ya jawo wannan gaba. 'Yan Filifin suna ta kiran "Nas! Nas!" Kwana biyu kafin nan na raka shi bakin aikinsa a wani rukunin gidaje a Aziziya, na tsaya awa guda ina kallo. Motoci suna shiga suna fita, yana ɗaga ƙarfe yana saukewa, wanda ya kula shi ma "sikiriti" ya ce masa.

Na kuma ga ɗaya abin. Duk lokacin da ya kamata ya miƙe da sauri ya jefa ƙwallo kusurwa ta biyu, sai ya ɗan dafa ƙasa tukuna. Mai gudu ya riga ya isa. Mubarak ma ya gani, domin na ga ya sauke wayarsa.

Manajan ƙungiyar wani makanike ne mai faɗin fuska, kowa na kiransa Kuya, wato yaya a harshensu. Ya zuba mini shinkafa da kaza da aka dafa da ruwan tsami, ya tabbatar mini har sau biyu cewa halal ce. Da Turanci muka yi magana. Na lura mutanensa ba sa iya cewa a'a kai tsaye, sun ma fi mu kewaye-kewaye. Ya ce Nas ɗan'uwansa ne, ya ce sabbin yaran suna da kyau, ya ce shekaru ba sa jiran kowa, ya ce shi ba zai iya kallon idon Nas ya faɗa masa komai ba. A ƙarshe ya ce tunda Hausawa ne suka fi yawa a karo-karon, kuma mutumin nasu ne, su yanke. Abin da suka ce shi zai yi.

Bayan la'asar aka taru a gaban wani shagon shayi, aka jera kujerun roba, aka kawo karak, shayinsu mai kauri da madara, a kofunan takarda. Nan take gardama ta kaure, kowa na magana ba mai sauraro. Sai Malam Isiyaka ya buga tebur.

"Jama'a, ga ɗan rediyo Allah ya kawo mana. Aikinsa ke nan raba gardama. Malam Habibu, ka riƙe mana zaman nan."

Na ce ni yayan Nasiru ne, bai dace ba. Mubarak ya ce shi ya yarda, domin ya sha jin shirina kuma bai taɓa jin na karkata ba. Na kalli Nasiru. Ya gyaɗa kai, har da ɗan murmushi. Na karɓa.

Na yi yadda nake yi a ɗakin watsa shiri. Kowa zai yi magana a layinsa, ba katsewa, ba zagi, wanda abin ya shafa shi ne na ƙarshe. Wani mai gadi ɗan Gusau ya ce shi ya gaji da zolayar da 'yan Nepal ke yi masa a ɗaki duk Asabar. Wani ya ce idan an cire Nasiru shi me zai zo kallo, ai bai san dokar wasan ba har yau. Aka yi dariya. Wani ya kawo shawarar a sayi rumfa da kuɗin, ko ba a ci wasa ba a sha inuwa. Malam Isiyaka ya yi magana mai tsawo, ya ce ƙungiya ba tarin gwanaye ba ce, ya tuna musu wanda ya riƙa zuwa da asuba yana share duwatsu daga filin kafin a san za a yi magoya baya. Mubarak ya yi magana a taƙaice kuma ba tare da raini ba. Ya ce yana girmama Yaya Nasiru, amma idan aka sake ƙarewa a ƙasa, 'yan Filifin matasa za su koma wasu ƙungiyoyi, daga nan ba gurbin Nasiru kaɗai za a rasa ba, ƙungiyar ce gaba ɗaya. A ganina duk su biyun gaskiya suka faɗa.

Nasiru ya miƙe a hankali. Ya ce, "Ni ban ce na fi yaron nan ba. Na gan shi, ya iya. Amma ina da sauran shekara ɗaya a jikina. Ita kawai nake roƙo."

Da an kaɗa ƙuri'a a wannan lokacin, ina kyautata zaton da ya tsira. Sai Mubarak ya ɗaga hannu, ni kuma bisa ƙa'idar da na kafa da kaina na ba shi dama.

"Tambaya ɗaya ce, kuma ba shi zan yi wa ba, don na san zai daure. Malam Habibu, ɗaki ɗaya kuke kwana. Tsakaninka da Allah, ƙafar tasa lafiya?"

Hanyoyi uku ne a gabana, kuma na gan su duka a sarari. In ce lafiya lau, na yi ƙarya da sunan Allah a gaban mutanen da suka amince mini, ya kuma ci gaba da tsuguno a kan gwiwar da ba ta iya sujada. In ce ba lafiya ba, na tona abin da ya ce tsakaninmu ne. Na ɗauki ta uku, wadda na saba da ita.

"Mai riƙe da zama ba ya ba da shaida," na ce.

Malam Isiyaka ya sunkuyo. "Malam, ba rediyo muke ba. Ƙanenka ne. Ka ce wani abu mana."

"Abin da na faɗa shi ne, Baba."

A gidan rediyo wannan amsa tana rufe magana. A gaban shagon shayi a Sana'iyya, inda kowa ya san abin da ɗan'uwa ke cewa idan an tambaye shi lafiyar ɗan'uwansa, ta zama cikakkiyar shaida. Na ga ɗan Gusau ya kalli gwiwar Nasiru. Na ga wasu sun bi shi da kallo. Na ce masu son a ɗauko sabbin 'yan wasa su ɗaga hannu. Ba a buƙaci ƙirgawa ba. Ni na sanar da sakamakon, da dusasshiyar muryata, domin wannan ma aikin mai riƙe da zama ne.

A hanyar komawa ba wanda ya yi gardama. Mubarak bai ciro wayarsa ba. Malam Isiyaka ya kunna karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa. Da muka shiga ɗaki Nasiru ya tura kayan wasan ƙarƙashin gado da ƙafarsa ta dama, ya ɗora tukunya, ya yi mana miyar kuka da daddawar Hajiya. Ya zuba mini, ya zuba wa kansa. Sai da muka kusa gamawa ya yi magana.

"Kalma biyu ce, Yaya. Lafiya lau. Kullum muna faɗa wa mutanen da ba mu ma sani ba."

"Da Allah Mubarak ya haɗa ni, Nasiru."

"Haka ne." Ya suɗe yatsansa. "To ka samu abin da aka aiko ka nema."

Na ce masa ba don saƙon Hajiya na yi ba. Ya ce ya ji. Bai ce ya yarda ba.

Ranar da zan taho ya nemi izini a wajen aiki ya raka ni filin jirgi. Ya hana ni ɗaukar jaka. Ya ba ni dabino da turare na Hajiya, da takalman makaranta na yara. Na tambaye shi ranar da zan ce mata ta sa ido. Ya ce, "Zan kira ta." Muka yi musabaha kamar mutanen da suka haɗu a lif.

Na iso Zariya da yamma. Hajiya ba ta kalli dabinon ba. Ta ce, "Yaya ka baro shi? Jikinsa fa?"

Na ce mata lafiya lau.

Sauran abin da ya biyo baya Malam Isiyaka ne ya ba ni labari ta waya. Sabbin 'yan wasan sun zo, ƙungiyar ta ci wasanninta na farko, masu kallo sun ƙaru. Nasiru ya kai wa sabon mai cafka hular ƙarfensa da sulken ƙirji, ya ce na yaron sun tsufa. Ya sabunta kwantiraginsa da kamfanin gadi. Yanzu duk Juma'a yana karɓar aikin wani abokinsa a ƙofar Aziziya.